Yadda za ka tantance kyan lasifikar alfarma kafin ka kai ta falonka

Lasifika mai tsada takan yi shekara ashirin ko fiye a ɗaki ɗaya, kuma a mafi yawan wannan lokacin a kashe take, kallonta kawai ake yi. Don haka ido yana da hakkinsa a cinikin. Sai dai kyan lasifika iri biyu ne. Akwai wanda aka shafa mata a waje don ta ja mai saye, akwai kuma wanda ya fito daga aikin da take yi. Na biyun ne ya cancanci kuɗin da ake zubawa, kuma da ɗan lura za ka iya bambance su.

Mataki na 1: Fara da ɗakin

Ka auna falon da tef kafin ka buɗe hoton kowace lasifika. Ka san inda kujerarka take, da faɗin bangon da za a jera su, da inda ƙofa take buɗewa. Yawancin manyan lasifikoki na tsaye suna son tazarar rabin mita zuwa mita ɗaya tsakaninsu da bangon baya. Idan ɗakin ba zai ba da wannan ba, to ka sauko kan ƙananan da ake ɗorawa a kan ƙafa, ko ka nemi wadda aka ƙera don bango. Klipschorn, wadda Paul Klipsch ya fara yi a 1946 a garin Hope na jihar Arkansas a Amurka, an yi ta ne don a cusa ta a kusurwar ɗaki, bangwayen biyu su zama cikon ƙahon da ke faɗaɗa sautinta. Har yau ana yin ta. Babba ce ƙwarai, amma ba ta cin tsakar ɗaki.

Mataki na 2: Tambayi kowace lanƙwasa aikinta

Nan ne gundarin maganar, don haka bari mu ɗan zauna a kai.

Faifan da ke motsi a gaban lasifika yana tura sauti gaba, yana kuma tura kwatankwacinsa baya, cikin akwati. Wanda ya shiga ciki shi ne matsala. Idan akwatin mai kusurwa huɗu ne, bangwayensa suna fuskantar juna, sautin zai riƙa kai da komowa tsakaninsu, wani ya dawo ta jikin faifan ya gurɓata abin da kake ji. Kusan duk siffofin ban mamaki da kake gani a lasifikokin alfarma ƙoƙari ne na maganin wannan.

Dubi Nautilus ta kamfanin Bowers & Wilkins na Ingila, wadda ta fito a 1993. Ƙasanta a naɗe yake kamar katantanwa, ga wasu dogayen bututu uku sun miƙe ta baya suna tsukewa. Mai kallon farko zai ɗauka gwanintar mai zane ce. Injiniya Laurence Dickie ne ya fito da ita, kuma kowane bututu an cika shi da abin da ke tsotse sauti, ta yadda abin da ya tafi baya zai yi ta raguwa har ya mutu bai dawo ba. Bututun bes, wato sauti mai kauri, ya yi tsawon da ba zai shiga ɗaki a miƙe ba, shi ya sa aka naɗe shi. Katantanwar daga nan ta samo asali. Dickie ya ci gaba da wannan tunani a kamfanin Vivid Audio, wanda ke ƙera lasifikokinsa a Afirka ta Kudu.

Sai gefunan akwati. Sauti idan ya bi fuskar lasifika ya iso gefe mai kaifi, yakan watsu daga nan kamar wata ƙaramar lasifika ce ta biyu. Tun farkon shekarun 1950 Harry Olson na kamfanin RCA ya gwada akwatuna masu siffofi daban-daban, ya nuna cewa mai siffar ƙwallo ce ta fi fitar da sauti sumul, mai kusurwa huɗu kuma tana cikin na baya. Saboda haka idan ka ga fuska a lanƙwashe, ko gefuna da aka goge su sosai, ko an ɗauke tuwita, wato ƙaramin faifan da ke fitar da siririn sauti, an ɗora ta ita kaɗai a saman akwati kamar yadda ake gani a jerin 800 na Bowers & Wilkins, akwai dalili a bayansa. Amma ka lura da girman lanƙwasar. Ɗan shafe gefe da bai kai kaurin yatsa ba ado ne kawai, bai isa ya canza wani abin kirki ba.

Blade ta kamfanin KEF, ta 2011, siririya ce ta gaba, mai zurfi ta baya. An mayar da wufa huɗu, wato faya-fayan da ke fitar da bes, gefuna, biyu-biyu suna bai wa juna baya, don girgizar ɗaya ta kashe ta ɗayar. A gaba ido ɗaya tak ake gani, inda tuwita ke zaune a tsakiyar faifan matsakaicin sauti, tsarin da kamfanin ya fito da shi a 1988 da sunan Uni-Q. Lasifikokin Wilson Audio na jihar Utah kuwa akwatuna ne a kan akwatuna, na saman ana iya matsar da su gaba ko baya don sautukan su isa kunne lokaci guda. A ganina ba su da fasali, sun fi kama da injin masana'anta, amma ba za ka ce siffar ba ta da hujja ba.

Tambayar da za ka yi wa mai sayarwa ita ce: wannan tudun, ko wannan ramin, me yake yi? Idan amsar ba ta wuce "ai ya fi kyau" ba, ka san abin da ake sayar maka.

Mataki na 3: Ƙwanƙwasa ta

Ka lanƙwashe yatsa ka ƙwanƙwasa gefe, da sama, da baya. Akwati nagari zai ba ka amsa gajeriya, a dunƙule, har yatsan ya ɗan yi zafi. Idan ya yi amo kamar ganga, to zai riƙa rera tasa waƙar tare da mawaƙin. Wannan ne ya sa ake zuba nauyi a cikinsu. Beolab 90 da Bang & Olufsen na Denmak suka fitar a 2015, don cikar kamfanin shekara 90, kowace ɗaya ta haura kilo 130. Kafin ka yi sha'awar irinta ka tuna da matakalar benenka.

Mataki na 4: Duba fatar jikinta da idon kafinta

Kamfanin Sonus faber, wanda Franco Serblin ya kafa a 1983 a yankin Vicenza na Italiya, shi ya koya wa mutane kallon lasifika a matsayin aikin hannu. Guarneri Homage ta 1993 an haɗa ta da sassan katako na gaske, jikinta yana tsukewa ta baya, fuskarta an lulluɓe ta da fata, maimakon raga kuma zaruruwa ne aka ja daga sama zuwa ƙasa. Sunan ma na dangin maƙeran goge ne na birnin Cremona, haka Amati da Stradivari da suka biyo baya.

Ko ba irin wannan za ka saya ba, ma'aunin ɗaya ne. Ka ajiye biyun kusa da juna ka ga ko zanen jijiyar katakon ya yi daidai, na dama yana amsa na hagu. Masu aikin ƙwarai daga gungume ɗaya suke yanko fallen da za su lulluɓe duka biyun. Ka bi mahaɗa da farce, kada ya maƙale. Idan fenti ne mai sheƙi, ka haska fitilar waya daga gefe. Hasken ya kamata ya kwanta miƙe, ba ya yi ƙuraje kamar ɓawon lemo ba. Sannan ka zagaya baya, domin nan ne masu ha'inci suke rage aiki: wurin ɗaura waya, da sukurori, da bakin ramin iska.

Baƙin fenti mai ƙyalli shi ya fi ɗaukar ido a shago, shi ne kuma ya fi wahalar riƙo. Duk wanda ya san ƙurar hunturu ya san safe da yamma sai an share shi, kuma kowace sharewa da busasshen tsumma tana barin siririn zane. Katako marar ƙyalli, ko fenti mai duhun toka, sun fi haƙuri.

Mataki na 5: Yanke shawara, ta ɓuya ko ta fito

Wasu lasifikokin an yi su ne su saje da kayan ɗaki, wasu kuma su zama abin da baƙo zai fara gani. Ka zaɓi ɗaya, kada ka tsaya a tsakiya. Beolab 8000 da David Lewis ya zana wa Bang & Olufsen a 1992 siririyar sanda ce ta alminiyam mai tsini a ƙasa, tana iya tsayawa kusa da labule ba a damu da ita ba. JBL L100 ta 1970 kuwa, da ragarta ta soso mai ruwan lemo, an yanka ta gida-gida, ba ta san kunya ba. Farin jininta ya sa aka dawo da ita kasuwa a 2018.

Akwai kuma marasa akwati gaba ɗaya. Quad ESL ta 1957, aikin Peter Walker, shimfiɗaɗɗen allo ne mai ƙafa uku. Na MartinLogan ana hango bango ta cikinsu. Suna da kyau matuƙa, kuma muryar mutum takan fito tas a cikinsu, amma suna fitar da sauti ta baya daidai da ta gaba, don haka sai an ba su kamar mita ɗaya daga bango. Suna buƙatar a jona su da lantarki, kuma cajin da ke jikin allon yana jan ƙura. A gidan da tagogi ke buɗe duk rana, sai an yi musu riga.

Siririyar lasifika tana da farashinta. Bes mai zurfi iska mai yawa yake so a motsa. Idan akwatin ya tsuke, ko dai bes ya ragu, ko a nemi amfilifaya mai ƙarfi ta cike giɓin.

Mataki na 6: Jera su

Lasifikokin biyu da kujerarka su yi kusurwa uku mai tsawo kusan ɗaya. Tuwita ta zo daidai kunnenka kana zaune, wato wajen santimita 90 zuwa mita ɗaya daga ƙasa. Ka ɗan karkato da su su fuskance ka, kana saurare kana ƙarawa, har muryar mawaƙi ta tsaya cak a tsakiya. Kada ka cusa su cikin kabad ɗin talabijin, kada kuma a ɗora musu tukunyar fure.

Idan daɓen tayil ne, shimfiɗa kafet mai kauri tsakaninka da su, ka sa labule mai nauyi a taga. Ƙusoshin ƙafarsu masu tsini na kafet ne, a kan tayil sai ka sa musu 'yan faya-fayan ƙarfen da ake haɗowa da su. Ka nisanta su da hasken rana kai tsaye, don yana canza launin katako, kuma gefen da ke fuskantar taga ne kawai zai canza.

Ragar gaba kuma, yawancinsu sun fi kyau da sauti idan an cire ta. Amma in akwai yara a gidan ka bar ta a jiki. Ƙoƙon tuwita yana kiran ɗan yatsa, kuma na ƙarfen beriliyam irin na kamfanin Focal na Faransa, ko na lu'ulu'u, ba a gyara su idan sun fashe, sai dai a sayi sabo. Wajen shara, ka fara kaɗe ƙurar da burushi mai laushi, sannan ka bi jikin akwatin da tsumma mai ɗan danshi, faifan kuma kada ka taɓa shi.