Auna inda idonka ba ya kaiwa a gaban motar

In kana tuƙa babbar mota mai ɗakin kwana, gwada wannan kafin ka hau hanya.

Zauna a kujerar direba. Wani ya ajiye bokiti a jikin bamba, ya riƙa matsar da shi gaba har ka hango gindin bokitin. Duk tazarar nan ba ka ganinta, saboda kujerarka tana sama. Ƙaramin yaro zai ɓuya a wurin tsaf. Ranar da na gwada, sai da gabana ya faɗi.

Sai na ɗaura madubi mai kumburi a saman gilashin gaba, yana kallon ƙasa. Ya fi kyamara araha.

Amma da daddare ko cikin ruwan sama ba ya nuna sosai. A lokacin, sauka ka leƙa da idonka kafin ka tayar.