Matakan hana ruwa shiga ƙaramin jirgin ruwa mai rimot

Da farko cire batir da na'urar karɓar sigina. Shimfiɗa busasshen tishu a cikin jirgin, ka rufe, ka sa shi a baho cike da ruwa, ka ɗan danne shi na minti 10. Inda tishun ya jiƙe, nan matsalar take.

Galibi bututun da sandar farfela ke ratsawa ne ke yoyo. Zare sandar, ka goge ta tas, ka shafa mata giris irin wanda ruwa ba ya wankewa, ka mayar kana murzawa a hankali. Kada ka ɗura giris har bututun ya toshe, domin injin zai sha wahala har ya ɗau zafi.

In tsaga ce a jikin jirgin, bari wurin ya bushe ƙarau kafin ka liƙe da gam ɗin epoxy.

Na'urar siginar kuwa, cusa ta cikin balan-balan, ka ɗaure bakin inda wayoyi suka fito. Dabara ce mai arha, kuma tana aiki. Eriyar dai ta tsaya sama da ruwa, domin siginar rimot ta 2.4GHz ba ta ratsa ruwa sosai.

A bakin ruwa, kunna rimot tukuna, sannan jirgin, sai ka zagaye murfin da salatif.