Yadda Ake Zaɓen Manhajar Yankan Sitika Don Sana'ar Allunan Talla a Legas

Yawancin masu shiga sana'ar rubuta allunan shaguna da manna sitika a Legas sukan ƙarar da tunaninsu da jarinsu wajen sayen injin yanka, sai ya iso shago a Agege ko Idi-Araba sannan su tuna cewa ba ya motsi sai da manhajar da za ta ba shi umarni. Ya kamata a yi zancen manhajar tun ana cinikin injin, domin ba kowace manhaja ce ke aiki da kowane inji ba, kuma wadda ta fi suna ba lallai ba ne ta dace da aikin da ke shigowa shagonka.

Abu na farko da za ka fahimta shi ne cewa aiki biyu ne ake yi a kwamfuta kafin wuƙar inji ta taɓa leda, wato fallen roba mai gam a baya da ake yin sitika da shi. Akwai zane, wato tsara haruffa da tambari da girman allo, akwai kuma aika zanen ga inji a sigar da zai gane. CorelDRAW, wadda ita ce ruwan dare a shagunan buga takardu na Shomolu da Mushin, da Adobe Illustrator, da Inkscape wadda ake saukewa kyauta, duk manhajojin zane ne. Manhajar yanka kuwa tafinta ce tsakanin zanen da injin: tana mayar da layukan zuwa umarnin da ke cewa wuƙa ta sauka a nan, ta tafi can, ta ɗaga. Mafi yawan injuna masu sauƙin kuɗi da ake shigowa da su daga Sin suna jin HPGL, harshen da kamfanin Hewlett-Packard ya ƙirƙiro don injunan zane, wasu kuma suna jin wani harshen mai suna DMPL. Graphtec yana da nasa mai suna GP-GL, Roland kuma yana da CAMM-GL. Saboda haka kafin ka biya ko kwabo, ka rubuta cikakken suna da lambar samfurin injinka, ka duba ko yana cikin jerin injunan da masu manhajar suka ce tana tuƙawa. Idan babu shi, kada ka dogara da cewar mai sayarwa wai za ta yi. Ka nemi a haɗa a gabanka ka gani.

Wanda ya sayi injin babban kamfani ya riga ya huta da rabin wahalar. Roland yana bayar da CutStudio, Graphtec yana da Cutting Master, Mimaki yana da FineCut, kuma waɗannan biyu na ƙarshe ƙananan manhajoji ne da ke zama a cikin CorelDRAW ko Illustrator, ta yadda za ka gama zane ka tura shi kai tsaye ba tare da ka fita ba. A ganina, mai irin wannan inji ba shi da dalilin kashe kuɗi a wata manhaja sai aikinsa ya girma ya fi ƙarfinta. Abin lura kawai shi ne kowace sigar waɗannan ƙananan manhajoji tana da sigogin CorelDRAW da take aiki da su, don haka wanda ya riƙe tsohuwar CorelDRAW shekara da shekaru sai ya tabbatar sun dace da juna.

Inda zaɓin ya fi wuya shi ne wurin masu injunan Sin, kuma su ne suka fi yawa a cikinmu. Da yawa daga cikin tsofaffin injunan sun zo da ArtCut a faifan CD, manhajar da aka gina tun zamanin Windows XP, wadda har yanzu tana yanka amma tana wahalar da mai sabuwar kwamfuta, musamman da yake yawancin kwamfutocin yanzu ba su da wurin saka faifai. Sababbin injuna sukan zo da SignMaster, kuma kamfanin da ya yi ta a Ostareliya shi ne ya yi VinylMaster. Dukansu a Windows suke aiki, kuma mataki-mataki ake sayar da su, ƙaramin matakin da ake haɗowa da inji yakan rasa wasu abubuwan da ke cikin manya. SignCut kuɗin wata ko na shekara ake biya, tana aiki a Windows da Mac, tana kuma karɓar zane daga CorelDRAW da Illustrator da Inkscape. Sure Cuts A Lot sau ɗaya ake saye, tana da sauƙin koyo ga yaron shago. Flexi ta kamfanin SAi ita ce ta manyan shaguna, domin tana haɗa zane da yanka da sarrafa babban injin buga hoto, amma nauyin kuɗinta bai dace da wanda aikinsa bai wuce rubutun gilashin shago da jikin Keke Napep ba. Ƙananan injunan Cricut da Silhouette suna da nasu manhajojin, sai dai an yi su ne don ƙananan ayyukan hannu, kuma ta Cricut ba ta tuƙa injin wani kamfani.

Bayan dacewa da inji, sai a dubi abin da manhajar za ta rage maka na wahala da asarar leda, kuma a nan ne ya kamata mutum ya natsu. Wuƙar injin sitika janta ake yi a kan leda, tsininta yana biye da tsakiyar mariƙinta a baya kaɗan, tazarar da a wuƙa mai kusurwar digiri 45 takan kai kimanin milimita 0.25. Dole a gyara wannan tazara, ko a jikin injin ko a cikin manhaja. Injunan Roland da Graphtec suna yi da kansu, amma da yawa daga cikin masu araha sun dogara da manhaja. Idan gyaran ya yi kaɗan, kusurwoyin haruffa za su fito a dunƙule. Idan ya yi yawa, za su fito da ƙaho. Haka nan ana buƙatar manhajar ta iya ƙara ɗan yanka bayan layi ya dawo inda ya fara, domin in ba haka ba kowane harafi zai riƙe da ɗan zare, sai ya yage lokacin da ake ɓare ledar da ba a so. Manhajar da ba ta ba ka ikon saita waɗannan abubuwa biyu ba, kada ka ɗauke ta don injin Sin ko da kyauta ce.

Ɓare leda shi ne aikin da ya fi cin lokaci a shago, don haka ka duba ko manhajar tana zagaye rubutu da akwati tana kuma tsaga layuka a tsakanin sahu-sahu, yadda za a riƙa cire ragowar guntu-guntu maimakon a ja babban falle ya manne da ƙananan haruffa. Ka duba ko tana raba zane launi-launi ta tura kowane launi shi kaɗai, da ko tana haɗe haruffan da suka hau juna su zama jiki ɗaya, da ko tana juya rubutu baibai don ledar da ake gogawa a riga ko wadda ake mannawa ta cikin gilashi. Injin da ya fi yawa a ƙananan shaguna mai faɗin inci 24 ne, kimanin santimita 61, alhali allon shago yakan fi haka tsayi, saboda haka wajibi ne manhajar ta iya rarraba babban zane falle-falle tana barin ɗan abin da zai hau juna a mahaɗa. Wannan rarrabawa tana da wani amfani a Legas: idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar yanka kafin a tayar da janareta, falle ɗaya ne ya lalace, ba mita huɗu na leda ba. Duk da haka, ƙaramin batirin UPS a bayan kwamfuta da inji ya fi kowace dabarar manhaja tsare dukiya.

Idan kana karɓar aikin sitika mai hoto, irin wadda ake bugawa a babban inji sannan a yanke ta bisa gefen hoton, to akwai ƙarin sharaɗi. Ana buga alamomi a kusurwoyin fallen, injin ya karanta su da idonsa, wato 'yar na'urar da ke hango alama, ko kuma mai aiki ya saita su da jan hasken leza a injunan da ba su da ido. Alamomin dole su fito daga manhajar da za ta yi yankan, ba a zana su da ka ba. Wanda yake kai bugu Shomolu ya dawo ya yanka a shagonsa sai ya fitar da fayil ɗin da alamominsa, ya kuma jaddada wa mai bugu cewa kada ya taɓa girmansa. Ba duk ƙananan matakan manhaja ne ke da wannan ba, ka tambaya a fili.

Akwai gwajin da mu masu rubuta wa Hausawa da Yarabawa muke buƙata, wanda masu tallan manhaja ba sa ambata. Ka rubuta ɓ da ɗ da ƙ, ka rubuta haruffan Yarabanci masu ɗigo a ƙasa, ka kuma rubuta layi ɗaya na Larabci, domin allunan masallatai da makarantun Islamiyya suna cikin aikin da ke zuwa daga unguwanni irin su Mile 12 da Obalende. Tsofaffin manhajoji sukan nuna akwati ko alamar tambaya a madadin harafi, ko su rarraba haruffan Larabci su jera su daga hagu. Abin takaici ne a ga allon kanti an rubuta "kasa" alhali "ƙasa" ake nufi. Idan manhajar yanka ta gaza a nan amma ta yi kyau a sauran, mafita ita ce a rubuta a manhajar zane, a mayar da rubutun layuka, sannan a tura shi a matsayin fayil ɗin zane irin SVG ko EPS ko PDF.

Batun kuɗi kuma sai an yi lissafinsa da naira. Manhajar wata-wata da dala ake biya, farashin canji yana hawa da sauka, sharuɗɗan biyan kuɗin waje da katin banki kuma sun sha canzawa, don haka ka tambayi kanka ko za ka iya biya a watan da ciniki ya ja baya, ka kuma bincika kwana nawa take aiki ba tare da intanet ba. Wadda ake saye sau ɗaya tana da nauyi a farko, amma hankali ya fi kwanciya da ita. Kwafin sata da ake cusa wa mutane a kwamfuta kuwa ba na ba da shawararsa: haƙƙin wasu ne, yakan zo da ƙwayar cutar kwamfuta, kuma ranar da ya tsaya da aikin mutane a hannunka babu wanda za ka kira. Wanda jarinsa bai kai ba, ya fara da Inkscape, wadda halal ce kuma tana da hanyar tura HPGL ga inji, ko da yake saitinta yana buƙatar haƙuri.

Yawancin waɗannan manhajoji suna da sigar gwaji, kuma da ita za ka yanke hukunci a kan kwamfutarka da injinka. Injunan Sin da yawa, ko da igiyar USB aka haɗa su, kwamfuta tana ganinsu a matsayin tashar COM, wato tsohuwar hanyar haɗa na'ura da kwamfuta, don haka sai an saka direban da ya dace, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane injin, an zaɓi lambar tashar daidai, an kuma daidaita saurin aika saƙo da na injin, wanda sau da yawa 9600 ne. Ka yanka murabba'i da da'ira ka ga ko sun rufe, ka yanka haruffa masu tsayin santimita ɗaya ka ɓare su, ka yanka layi mai tsawon mita ɗaya ka auna shi da tef, sannan ka tura zane mai cunkoso ka ga ko injin zai tsaya a tsakiya ko ya ja layin banza. Idan duk sun fita lafiya, ka rubuta saitin a takarda ka manna kusa da injin, ka adana lambar lasisi a wajen kwamfutar, ka kuma tambayi masu manhajar yadda ake cire lasisin kafin a wanke kwamfuta ko a sauya ta, domin wasu lasisin a kan na'ura ɗaya suke ɗaure.