Yadda na raba lasifikata da gurnani a wajen biki

Ni makaɗin gurmi ne, abincina yana gidajen biki da suna, daga Birni zuwa Zango, wani lokaci har Mirriya. Alhamdulillahi, da wannan gurmin nake ciyar da iyalina, ga lafiya, ga mutanen Damagaram masu kiran mutum don sun yarda da hannunsa. Shi ya sa gurnanin nan ya dame ni ƙwarai. Da an ɗauke wuta mun tada janareta, sai lasifika ta kama ruri, muryar gurmi ta nutse.

Na sauya makirfo, babu canji. Wani dattijo mai gyaran rediyo kusa da kasuwar Dole ya kasa kunne, ya ce: "Ɗana, bugun wutar ne kake ji, sau 50 a daƙiƙa. Kawo wayar gurmin." Wato wayar da ke ɗaukar sautin gurmin zuwa na'ura. Da ya kwance bakinta, ashe siraran zaren tagullar da ke lulluɓe da wayar ciki sun tsinke, saura ƙwaya biyu. Ya fere, ya murɗe, ya liƙe da dalma. Na ce: "Baba, Allah ya saka da alheri."

Sauran aikin nawa ne. Amfilifaya da mahaɗin sauti na jona su a soket guda. Wayar makirfo ba ta kwanciya jere da ta wuta, sai dai su gitta. Na kafa rodi a ƙasa, na haɗa shi da jikin janareta da waya don ɓatacciyar wuta ta bi ta ƙasa, ina zuba wa rodin bokitin ruwa, don ƙasarmu busasshiya ce.

Asabar ɗin nan a Sabon Gari har na bayan rumfa sun ji kowace tsirkiya, uwar amarya ma ta taso ta yi liƙi.