Kafin Ka Je Dandalin Tahrir, Taɓa Aljihunka

Yaro ya sauka Alƙahira, ko akwatinsa bai gama kwancewa a unguwar Hayyul Ashir ba, sai ka ji yana tambayar motar da za ta kai shi Tahrir, wai zai ɗauki hoto ya tura gida. Ƙannena, babu mai hana ku zuwa, amma ku saurara tukuna.

Zuwan ba wuya. Tashar metro ta Sadat tana ƙarƙashin dandalin. Daga Abbasiyya ka hau layi na uku, ka sauka Ataba, ka canza zuwa na biyu. 'Yan'uwa mata, akwai taragonku daban a tsakiyar jirgin. Wajen tsallaka titi kuwa, ka raɓi wani Bamisire ka bi sawunsa, don direbobin nan ba sa jiran kowa.

Gidan tarihin nan na bakin dandalin mai launin ja-ja-ja da aka buɗe a 1902 ya cancanci wuni guda, ko da yake a 2021 an kwashe gawarwakin Fir'aunoni 18 da sarauniyoyi 4 zuwa wani gidan tarihi a unguwar Fusɗaɗ. Idan wani ya tare ka da fara'a ya ce yau an rufe, ka zo ya nuna maka wani wuri, shagon turare zai kai ka. Ka ce "shukran" ka wuce.

Abin da sababbin zuwa ba sa ganewa shi ne wannan fili ba wurin shan iska ba ne kawai. A nan aka yi zaman dirshan ɗin da ya soma ranar 25 ga Janairu, 2011, wanda ya kai ga saukar Hosni Mubarak ranar 11 ga Fabrairu. Tun daga lokacin idon jami'an tsaro bai bar wurin ba, masu kaki da marasa kaki. Ɗaukar hoton ɗan sanda, ko soja, ko ginin gwamnati na iya ja maka tambayoyin da Larabcinka na makarantar allo ba zai amsa ba. Kada kuma ku taru ku goma kuna ɗaga waya sama. Tambayar farko da za a yi maka ita ce fasfo, ta biyu iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasa.

To, a nan gizo ke saƙar. Wancan tafkeken gini mai lanƙwasa da ke kudancin dandalin, Mugamma, nan ne mu na da muka riƙa yin sammako muna bin layin iƙama. A 2019 aka mayar da ofishin fasfo Abbasiyya, amma har gobe sai ka ga sabon ɗalibi ya nufi Tahrir da takardu a hammata, saboda wani kawunsa da ya gama karatu tun da daɗewa ya yi masa kwatance daga Kano. Kawu na da gaskiyarsa, zamaninsa ne ya wuce.

Iƙamar ɗalibi tana farawa ne daga makaranta, da takardar da muke kira tasdiƙ. Ita kanta tana cin lokaci, bizarka kuma ba ta jiranta. Wanda ya samu ɗaki a Madinatul Bu'us, masaukin baƙin ɗalibai na Azhar, ya huta da rabin wahala. Mai zaman haya kuwa sai ya haɗa da takardar yarjejeniyar haya da aka buga wa hatimi a Shahrul Aƙari, ofishin rajistar gidaje da takardu, kuma da yawan masu gida ba sa son zuwa can saboda tsoron haraji. Na taɓa zama a gidan wani dattijo mai daɗin baki, kullum "bukra in sha Allah", wato gobe, har bizata ta ƙare ina ji ina gani, na koma ko kasuwa ba na iya zuwa da natsuwa, ƙarshe na biya tara. Kafin ka ba simsar, wato dillalin gida, ko sisi, ka tambaya ƙarara: mai gidan zai bi ni a buga hatimi? In ya fara kame-kame, nemi wani gida. Sunanka kuma ya fito a takardar, ba na abokin ɗakinka kaɗai ba.

Ba yau muka fara zuwa garin nan ba. Malam Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsine, a Alƙahira ya rasu a 1741, malaman Masar suna girmama iliminsa. Har yanzu kuma ban ga sabon zuwan da ya kwana a titi ba, sai an samu ɗan gida ya ba shi katifa da tuwo. Shi ya sa nake jin haushi idan an tashe mu tsakar dare ana neman wanda zai kai fasfon wani caji ofis, don ya fita yawon buɗe ido da waya kaɗai.

Idan fasfonka yana ofis ana aiki a kansa, ka riƙe kwafinsa, da rasit ɗin da aka ba ka, da katin makaranta. Ka je da safiyar Juma'a lokacin da motoci suka yi sauƙi, ka tafi da wanda ya daɗe a gari, ka kuma gaya wa 'yan ɗakinku inda ka nufa.