Yadda ake zaɓen manhajar zana fuskar allo ga ƙananan na'urori

Ko ɗalibin jami'ar ATBU da ke Bauchi ne kai mai aikin kammala karatu, ko mai shago a Wunti da ke haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai, kada ka sayi allo sai ka yi lissafin RAM, wato ma'adanar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita. Shi ne zai nuna maka manhajar da cif ɗinka, wato ƙwaƙwalwar na'urar, zai iya ɗauka.

Ka ninka faɗin allo da tsayinsa, sannan da bayit (ma'aunin girman bayanai) ɗin da kowane ɗigon hoto ke ci. Allon ILI9341 mai ɗigo 320 sau 240, a tsarin launi na RGB565, bayit 2 yake ci a kowane ɗigo, wato bayit 153,600 ga hoto guda. Arduino Uno R3 kuwa RAM ɗin kilobayit 2 kacal gare shi, wato bayit 2,048. Idan Uno ne a hannunka, ka tsaya kan allon SSD1306 mai 128 sau 64 da manhajar zane ta U8g2. Cikakken hotonsa bayit 1,024 ne, rabin RAM ɗinka ke nan, don haka ka sa shi ya riƙa zanawa shafi-shafi. Wannan ya ishi nuna zafi da danshi.

In kana son maɓallan taɓawa da launi, ka koma cif ɗin ESP32 ko STM32. A nan manhajar LVGL ta fi dacewa da yawancin ayyukanmu: kyauta ce, lasisinta MIT ne mai ba kowa izinin amfani da ita, da yaren C aka rubuta ta, ba ta kuma ɗaure ka da kamfani ɗaya ba. Ba sai ta riƙe hoton duka ba, kashi ɗaya cikin goma na allo ya wadatar, wato bayit 15,360 ga allon ILI9341 da muka lissafa. TouchGFX ma kyauta ce kuma tana da kyakkyawan wurin zane, amma a kan STM32 kaɗai. Manhajar Qt kuwa a bar wa ƙananan kwamfutocin da ke gudanar da Linux, irin su Raspberry Pi.

Matsalolin LVGL sanannu ne. Allo ya daskare? Galibi an saka delay (umarnin jira) mai tsawo ne, lv_timer_handler, umarnin da ke sabunta allo, bai samu ana kiransa kusan kowace milisakan 5 ba. Launi ya hargitse? SPI, hanyar da cif ke aika bayanai zuwa allo, ya tura bayit biyun kowane ɗigo a juye, sai a musanya su. Na'ura tana mutuwa haka kawai a FreeRTOS, tsarin da ke gudanar da ayyuka da yawa tare? Ayyuka biyu ne ke taɓa LVGL lokaci guda, a sa mutex, wato makullin da ke sa su bi layi. Saurin SPI ma yana da iyaka: a megahaz 40, tura cikakken hoto yana cin kusan milisakan 31, shi ya sa ake sabunta inda ya canja kawai.

Sai batun Hausa, wanda ya kamata a gwada tun ranar farko. Haruffan Montserrat da ke zuwa da LVGL ba su da ƙ, ɗ, ɓ, ba su da alamar ₦. Ka rubuta "ƙwai", harafin farko ba zai fito ba. Ka nemo zubin haruffan da ke da su, ka juya shi da lv_font_conv, manhajar da ke shirya wa LVGL haruffa, ka ƙara lambobin haruffan nan uku, 0x199, 0x257, 0x253, manyansu 0x198, 0x18A, 0x181, da 0x20A6 na naira. Ka ajiye fayil ɗinka a tsarin rubutu na UTF-8. Girma biyu ko uku sun isa, domin kowane girma yana cin gurinsa a filash, wato ma'adanar dindindin ta cif.

Na'urar da za ta zauna a gona ko bakin burtsatse, ka fitar da ita tsakar rana ka ga ko rubutun yana karantuwa. Allon taɓawa mai XPT2046 yana amsa yatsa mai ƙura, amma sai an daidaita kusurwoyinsa, a adana lambobin a filash don kada su ɓace in an ɗauke wuta.