Kurakuran da ake tafkawa lokacin jiran admishan na makarantun hafsoshin sojan Amurka

Daga watan Disamba zuwa Afrilu akwai gidaje da yawa a Amurka da barci yake musu wuya, yaro ya gama cike takardun neman shiga makarantar sojan ƙasa ta West Point ko makarantar sojan ruwa ta Annapolis ko ta sojan sama dake Colorado Springs, an yi masa intabiyu, an auna lafiyarsa, ya yi gwajin gudu da motsa jiki, sai kuma shiru. To wannan shirun shi nake so mu yi magana a kansa, domin da yawa suna ɗauka tunda sun tura komai shikenan aikinsu ya ƙare saura addu'a, alhali fayil ɗinka a buɗe yake har ranar da zaka sa ƙafa a makarantar, zaka iya ƙara masa ƙarfi, zaka kuma iya ɓata shi da hannunka kana zaune a gida.

Babban kuskuren da yafi cin mutane, kuma wallahi shi yafi bani tausayi, shine ɗaukar nomineshan a matsayin admishan. Ofishin ɗan majalisa ya aiko da wasiƙa cewa an saka sunanka, sai gida ya kaure da murna, a buga wa dangi waya, a saka a Facebook. Ɗan'uwa tsaya tukuna. Kowane sanata da kowane ɗan majalisar wakilai doka ta bashi damar samun ɗalibai 5 ne kacal a kowace ɗaya daga cikin manyan makarantun nan uku a lokaci guda, wato galibi kujera ɗaya ce take buɗe masa a shekara, wani lokaci biyu, kuma a kan kujerar nan guda ɗaya jerin sunaye yake turawa. Yawancinsu ma basa cewa ga na ɗaya ga na biyu, makarantar suke bar wa ta zaɓa. Kenan nomineshan izini ne na shiga takara, in babu shi bazaka samu gurbi ba, in akwai shi kuma bai zama lallai ka samu ba. Gyaran mai sauƙi ne, ka yi godiya, ka rubuta wa ofishin 'yar wasiƙar ban gajiya, ka duba shafinka na makarantar ka tabbata nomineshan ɗin ya bayyana a can (wa'adin tura sunaye 31 ga Janairu ne), sannan ka riƙe murnar sai takardar gurbin kanta ta zo. Makarantar masu tsaron gaɓar teku dake New London ita bata buƙatar nomineshan kwata-kwata, amma ta Kings Point ta jiragen ruwan kasuwanci tana buƙata, kada a haɗa su.

Haka ma takardar nan da ake kira LOA, wadda makaranta take ba wasu da wuri tace mun tanadar maka gurbi. Alƙawari ne mai sharaɗi fa. Sai ka samu nomineshan, sai likitoci sun wanke ka, sai ka ci gwajin motsa jiki, sai ka gama sakandare lafiya. Mai LOA da ya saki jiki zai iya wayar gari ba komai a hannunsa.

Sai maganar lafiya, nan zan ɗan daɗe don nan ne ake asarar lokaci ba gaira ba dalili. Hukumar da take duba lafiyar masu nema ita ce DoDMERB, kuma shafinta daban yake da na makarantar, mutane da yawa shafin makaranta kawai suke leƙawa safe da yamma suna jiran labari, ashe can a ɗayan shafin an rubuta musu tun makonni cewa su kawo ƙarin takardun asibiti, kaza da kaza daga likitan da ya taɓa duba su, basu gani ba. Fayil yana nan a tsaye, su kuma suna cewa makaranta ta manta dasu. Ka dinga duba duka biyun, ka duba imel har da akwatin da saƙonnin banza suke faɗawa, in an nemi takarda ka tashi ka nemo ta a satin nan, don asibiti ma kafin su fito maka da tsohon fayil sai an sha jira.

In kuma aka rubuta maka cewa baka cika sharaɗin lafiya ba, kada ka zauna kana kuka kace shikenan. Hukumar aikinta kawai ta gwada ka da ma'aunin da aka gindaya tace ka cika ko baka cika ba, misali wanda asma ta taɓa damunsa bayan ya cika shekara 13 za a rubuta bai cika ba ko da yanzu ƙalau yake. Makarantar ce take da ikon yin sassauci, kuma in tana sonka ita da kanta take buɗe maganar, kai naka shine ka kawo duk abin da aka nema da sauri. Kowace makaranta kuma nata hukuncin daban, abin da sojan ƙasa suka yafe ba lallai sojan ruwa su yafe ba, musamman matsalar rarrabe launuka wadda masu aikin teku suke tsanantawa a kai. Abin da nake roƙon iyaye da shi anan, don Allah kada a ɓoye ciwo. Na san zuciya takan raya wa mutum cewa ai tsohon abu ne waye zai sani, to ranar shiga ana sake dubawa, kuma horon farko bai bar sirrin jikin kowa ba. Ciwon da aka faɗa ana iya sassauta shi, wanda aka ɓoye aka gano kuwa ya zama maganar gaskiya da amana, makarantun nan kuma akan ƙarya suna korar ɗalibi. Haka in wani sabon abu ya faru kana cikin jira, karaya ko tiyata ko an ɗora ka a kan sabon magani, dole ka sanar, kuma kada kaje kayi aikin gyaran ido na leza da kanka wai don ka ƙara dacewa ba tare da ka tambaye su ba.

Wani kuskuren shine sakaci da karatu a zangon ƙarshe. Yaro yaga ya riga ya tura sakamako, sai ya fara zuwa aji yadda ya ga dama, ko ya ajiye darasin lissafi mai wuya ya ɗauki mai sauƙi. Suna neman sakamakon zangon farko na ajin ƙarshe, suna kuma neman na kammalawa, kuma suna da ikon janye gurbin da suka bayar. Bayan haka ma shekarar farko a can lissafi ne da kimiyya ga rashin barci, wanda ya saki littafi tun Janairu shi zai fi kowa jin jiki. In kuma wani abin kirki ya same ka a wannan tsakanin, an naɗa ka kyaftin ɗin ƙungiyar wasa, ka ci wata gasa, makinka na jarrabawar shiga jami'a ta SAT ko ACT ya ƙaru, ka tura musu a saka a fayil, wannan ba roƙo bane haƙƙinka ne.

Jiki ma haka. Gwajin da kayi na jifan ƙwallo da jan jiki a ƙarfe da gudun mil ɗaya wannan na shiga takara ne kawai. Ƙarshen Yuni ko farkon Yuli ake shiga, kuma daga ranar farko horo ne na wajen sati shida babu sassauci, ita makarantar sojan sama ma tana kan tudu sama da ƙafa 7,000 inda iska take da ƙaranci, wanda ya zo daga bakin teku numfashi kawai sai ya gagare shi kwanakin farko. Ka cigaba da gudu, ka ƙara nisa a hankali kada ka tashi rana ɗaya kace zaka rama na wata uku ka jawo wa ƙashin ƙafarka tsagewa. Kuma wasannin ganganci a bar su a wannan lokacin, karaya a watan Mayu tana iya cinye maka shekara guda.

Sai kwatanta kai da wasu. Wane a wata jiha ya samu kira tun Janairu, kai shiru, sai ka yanke wa kanka hukunci. Ba layi ɗaya kuke ba ai. Takararka ta farko da 'yan mazaɓarka ce, waɗanda sunansu yake jeri ɗaya da naka, kuma ba a warware jerin sai fayilolin sun cika an zauna a kansu, wata mazaɓar masu nema sun yi yawa wata kuma kaɗan ne. Wanda bai ci kujerar mazaɓarsa ba ma ana iya ɗaukarsa daga jerin ƙasa baki ɗaya in yana da nomineshan kuma ya cika sharuɗɗa. Yawancin mutane suna jin matsayinsu ne zuwa tsakiyar Afrilu, waɗanda aka ba gurbi ana so su amsa zuwa 1 ga Mayu, bayan nan ne ake ganin kujerun da suka rage a kira na jerin jira, wasu har Mayu ko Yuni. Shiru a Fabrairu ko Maris baya nufin komai.

Iyaye kuma, da girmamawa nake faɗa, ku daina buga waya ofishin admishan a madadin yaro. Na fahimci zafin zuciyar, amma makarantar hafsa take nema, wanda nan da shekara huɗu za a damƙa masa rayukan 'ya'yan mutane, in baba ne yake tambaya mama ce take rubuta imel to me kuke nuna musu? Kowane mai nema yana da jami'in da aka haɗa shi da shi a yankinsa, in akwai tambaya ta gaske yaron ya rubuta da kansa cikin ladabi, a taƙaice. Tambayar "yaushe zan ji" kuwa ba wanda zai amsa masa ita, shi jami'in ma bai sani ba. Taimakon da zaku yi shine ku rage tambayarsa kullum da safe ko an turo, ya riga ya duba kafin ku tashi.

Kuskuren da yake biye da na farko a girma shine rashin tanadin wata hanya. Masu nema dubbai ne masu yawa a kowace ɗaya daga manyan makarantun uku, waɗanda ake ɗauka wajen 1,200 ne ko ƙasa da haka, yara masu ƙoƙari sosai suna rasawa duk shekara ba don sun gaza ba. Ganin hadari baya sa a zubar da ruwan tulu. Ka nemi jami'o'i, ka nemi tallafin karatu na ROTC, wato shirin horon soja da ake yi a cikin jami'a, wanda shi ma hafsa yake fitarwa da muƙami iri ɗaya, ka biya kuɗin riƙe gurbi a jami'ar da ta ɗauke ka in wa'adinta ya zo baka ji daga can ba. Wasu har bayan sun samu gurbin suna riƙe na jami'ar sai sun ga sun wuce horon farko lafiya, kuma ni ina ganin hikima ce, sai dai a gaya wa jami'ar gaskiyar halin da ake ciki.

In aka ce maka makarantar share fage, ta sojan ƙasa dake nan West Point ɗin ko ta sojan ruwa dake Newport a jihar Rhode Island ko ta sojan sama, kada ka ɗauka raini ne. Wajen wata goma ne, kuma ma'anarsa suna sonka, karatunka suke so ya ƙara nauyi. Kada fushin rana ɗaya yasa ka ƙi. In kuma a'a aka ce gaba ɗaya, ƙofa bata rufe ba muddin baka cika shekara 23 ba zuwa 1 ga Yuli na shekarar shiga, baka yi aure ba, babu wanda ciyar da shi yake wuyanka a doka. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter sai da yayi karatu a kwaleji biyu a jihar Jojiya kafin ya shiga Annapolis a 1943. Eisenhower, wani tsohon shugaban, shi Annapolis ɗin yaso, shekarunsa suka wuce, ya tafi West Point a 1911. Mai sake nema ya shiga jami'a ya ɗauki darussa irin na 'yan shekarar farko na can, lissafi mai zurfi da kimiyyar sinadarai da Turanci, ya shiga ROTC, ya sake neman nomineshan sabo don na bara baya aiki, gwajin lafiyar kuwa yana kai shekara biyu.

Ga waɗanda ba 'yan ƙasa ba, hanyarku daban ce, ba ta ɗan majalisa bace. Gwamnatin ƙasarku ce take gabatar da ku ta ofishin jakadancin Amurka, kuma doka ta ƙayyade baƙi 60 ne a kowace makaranta a lokaci guda, duk wanda yace ku bashi kuɗi zai samo muku gurbi ku guje shi. Mai katin zama da yake jiran takardar zama ɗan ƙasa kuma ya bi maganar da gaske, sai ya zama ɗan ƙasa kafin ranar shiga.

Akwai kuma halayya, wadda bai kamata ma sai an faɗa ba amma duk shekara sai ta ci wani. Bikin gama sakandare, giya, tuƙin ganganci, wiwi da wasu jihohi suka halatta amma dokar tarayya bata halatta ba kuma soja da ita yake aiki, rubutun banza a intanet. Kamu ɗaya na 'yan sanda dole ka bayyana shi, kuma zai iya tafiya da gurbin.

Sannan watannin nan ka yi amfani dasu ka tambayi kanka ko kai kake so ko gida ne suke so. Karatun kyauta ne har da albashi duk wata, amma bayan kammalawa akwai aƙalla shekara 5 na aikin soja, matuƙan jirgin sama ma nasu yafi haka tsawo sosai. Shekara biyun farko zaka iya fita ba bashi a kanka, da zarar ka shiga aji ranar farko ta shekara ta uku kuwa alƙawarin ya hau kanka, in ka fita sai dai ka biya kuɗi ko kayi aiki a matsayin ƙaramin soja. Ka nemi wanda ya gama can ko wanda yake ciki yanzu ka zauna dashi ka tambaye shi yadda ranarsa take tun daga asuba, in akwai damar ziyarar kwana a makarantar ka je, kafin 1 ga Mayu ta zo kana da amsar da zaka basu.